Tseren Mota Da Babur: Gasa Tana Da Filinta, Hanya Kuma Tana Da Haƙƙinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a makon da ya gabata, bayan mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha, wani ɗalibinmu ya jira har jama'a suka ragu, sannan ya matso ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, tseren mota halal ne ko haram? Idan haram ne, me ya sa ake yinsa a Jidda, kusa da Makka? Idan kuma halal ne, me ya sa kullum kuke yi mana faɗa a kan gudun babur ranar kai amarya?" Ya nuna mana wayarsa, ga motoci suna wucewa kamar walƙiya, ga 'yan kallo dubbai suna sowa.

Tambayar ta cancanci amsa ta ilimi, domin ba shi kaɗai take damu ba. Samarinmu na karkara suna kwana uku suna bin irin wannan gasa a waya da gidajen kallo, daga Juma'a zuwa Lahadi, sannan ranar biki su fito titin garinsu su gwada abin da suka gani. Don haka muka ga ya dace mu faɗaɗa amsar a wannan fili.

Asalin tsere a Musulunci

Sai mu fara da cewa Musulunci bai ƙi tsere ba. Bukhari da Muslim, da Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya shirya sukuwar dawaki a Madina. Dawakin da aka horar aka rage musu ƙiba, ya sa su gudu daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar kimanin mil shida. Waɗanda ba a horar ba kuwa, ya taƙaita musu daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Ɗan Umar yana cikin mahayan da suka fafata a ranar. Haka nan Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Muslim kuma ya kawo tseren Salamatu ɗan Akwa'u (RA) da wani mutumin Madina a hanyarsu ta komowa daga yaƙi, da izinin Annabi (SAW). Malamanmu sun ware wa wannan mas'ala babi guda a littattafan fiƙihu, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, Ibnul Ƙayyim kuma ya rubuta littafi sukutum a kanta mai suna Alfurusiyya.

Amma a lura da yadda sukuwar Madina ta kasance. Shugaba ne ya shirya ta. An san mafara, an san iyaka. An raba mahaya gwargwadon ƙarfin dabbobinsu, ba a ɗora wa doki abin da ya fi ƙarfinsa ba. Akwai kuma manufa, wato horar da doki da mahayi don ranar buƙata. Daga nan malamai suka fitar da sharuɗɗan gasa: a fayyace nisa, a san masu fafatawa, kada a cutar da kowa, kada caca ta shiga. Game da kyauta, hadisin Abu Huraira (RA) ya keɓance tseren raƙuma da na dawaki da harbin kibiya. Malaman wannan zamani da dama sun sauƙaƙa a kan kyautar da hukuma ko wani mai hali na gefe ya bayar a gasa mai amfani. Amma samari biyu su ajiye kuɗi a hannun na uku, wanda baburinsa ya riga isa ya kwashe, wannan caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya.

Abin da wayar ba ta nunawa

Mu koma kan gasar da ɗalibinmu yake kallo. Bidiyon da ke yawo a waya daƙiƙa talatin ne na gudu da ƙara, ba ya nuna aikin da ke bayansa. A irin waɗannan gasanni, tun kafin a tayar da inji, masu bincike suna auna kowace mota, su duba birki da taya da tankin mai. Motar da ta saɓa ƙa'ida ba ta shiga fili. Yawanci ranar Juma'a gwaji ake yi don direbobi su san hanya, ranar Asabar a fafata neman gurbin tashi, ranar Lahadi a yi gasar. Direba ba ya shiga sai da lasisi na musamman wanda ya hau matakai kafin ya samu, bayan likita ya duba shi. Yana sanye da hular kwano da tufafin da wuta ba ta saurin ci, an ɗaure shi da ɗamara a kujera. An kewaye hanyar da shingen ƙarfe da tarin tayoyi. A kowace kwana akwai masu tuta: rawaya na nufin akwai haɗari a rage gudu, ja na nufin kowa ya dakata. Likitoci da 'yan kwana-kwana suna tsaye tun daga farko har ƙarshe. Duk motocin hanya ɗaya suka fuskanta, kuma babu yaro ko jaki ko amalanke a kan titin.

Wannan tsari bai zo musu a banza ba, da jini suka saye shi. A garin Le Mans na ƙasar Faransa ana yin tseren motoci na awa 24 tun shekarar 1923, inda direbobi uku suke karɓa-karɓa a mota ɗaya dare da rana. A watan Yunin 1955 wata motar Mercedes ta yi tsalle ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutane fiye da 80 suka mutu a rana ɗaya. Kamfanin ya janye daga tsere na shekaru masu yawa, ƙasar Suwizalan kuma ta haramta irin wannan gasa a ƙasarta tsawon shekaru gommai. A ranar 1 ga Mayun 1994, Ayrton Senna na ƙasar Birazil, wanda ya ci kofin duniya sau uku, ya mutu a filin Imola na Italiya, aka sake tsaurara dokoki. Amfanin tsaurarawar ya bayyana a Bahrain a Nuwamban 2020, lokacin da motar Romain Grosjean ta daki shinge ta rabe biyu ta kama da wuta, amma ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa, domin motar likita tana biye da su. Wani abin lura shi ne, wani ɓangare na hanyar Le Mans titin jama'a ne, amma hukuma ce take rufe shi gaba ɗaya kafin gasa, ta buɗe bayan an gama.

Ita kuwa Saudiyya da ɗalibinmu ya kafa hujja da ita, gaskiya ne a Disamban 2021 aka fara tseren Formula 1 a Jidda. Aikin wata ƙasa ba shi ne hujja a shari'a ba, kuma akwai abin cewa game da dukiyar da ake narkarwa da shagalin da ke kewaye da irin wannan taro. Amma ko da mun bar wannan, ƙasar da ta killace fili don gasa ita ce kuma take hukunta samarin da ke wasan ganganci da mota a titunan gari. A shekarar 2016 ta ɗaga tarar wannan laifi zuwa riyal 20,000 a karon farko, tare da tsare motar. Su ma sun bambance gasa da ganganci.

Ƙasarmu ba ta da hanyar da babu kowa

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanya daga Dawanau zuwa Bichi, ko ya miƙa Dambatta ya nufi Kazaure, ko ya ratsa ƙauyukan Minjibir da Makoɗa da Dawakin Tofa, ya san yadda ƙasar nan take. Gona tana manne da gona, gari yana hango gari, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga mutum ba. Titin kwalta ɗaya shi ne hanyar 'yan makarantar boko da safe, shi ne na 'yan Islamiyya da yamma, shi ne na 'yan talla da masu kai abinci gona. Da rani jakuna da amalanken shanu suna kai taki. Da damina dawa da gero suna fin mutum tsawo, su rufe kwana, har direba ba ya ganin mai fitowa daga burtali sai ya zo kansa. Da kaka ana shanya amfanin gona a gefen kwalta. Ranar Lahadi kuwa hanyar Dambatta cike take da dabbobi da 'yan kasuwa.

A kan wannan titi ne ayarin kai amarya yake zama filin gasa. Babura goma ko ashirin, kowanne da mutum uku ko huɗu, babu hular kwano ko ɗaya. Wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya saki hannu, wani ya kwanta a kan kujera, motar amarya kuma tana tsakiya ana zuga direbanta kada ya bari a wuce shi. Haka ake yi a ranakun Sallah, haka ake yi ranar taron siyasa. Doka ta iyakance gudun cikin gari a kilomita 50 a awa, ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma yaro ɗan shekara goma sha uku wanda ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba shi ne a gaban ayari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ba sai mun jira alƙaluma ba. Wanda ya taɓa kai jinya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga shekarun waɗanda ke kwance.

Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa hanya tana da haƙƙi, daga cikinsa akwai kame cuta daga masu wucewa. Ya umarci wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Ya hana a firgita Musulmi ko da wasa. A ranar saukowa daga Arfa, da ya ji ana dukan raƙuma ana gaggawa, ya umarci mutane da natsuwa, ya nuna musu cewa sauri ba ya cikin aikin lada. Idan tsinin kibiya ya buƙaci wannan taka-tsantsan, ina ga ƙarfen da ke gudu cikin yara? Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, Suratul Furƙan kuma ta siffanta bayin Allah da tafiya cikin natsuwa a bayan ƙasa.

"Ƙaddara ce, mun yafe"

Akwai abin da ya fi gudun kansa damunmu, shi ne abin da ke biyo baya. Shekarun baya mun sallaci gawar wani magidanci a wani ƙauye da ba za mu ambata ba. Yana dawowa daga gona a kan keke da ɗaurin harawa, sai samari biyu daga ayarin biki da suke rige-rige suka fito kwana, ɗaya ya kwashe shi. Kafin a samu motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, babbansu bai balaga ba. A zaman makoki dangin yaron suka zo ba da haƙuri, yayan mamacin ya ce: "Ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, mun yafe duniya da lahira." Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Mu ma muna zaune, nauyin idon mutane ya hana mu magana a ranar, kuma har yau muna neman gafarar Allah a kan wannan shiru. Ba a tambayi matar ba. Ba a yi maganar marayu ba. Da damina ta zagayo, sai da aka jinginar da gonar.

Imani da ƙaddara rukuni ne, amma ba ya share alhaki. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Diyya haƙƙin magada ce, kowa da rabonsa kamar sauran gado. Baligi mai hankali yana da ikon yafe nasa kason, kuma yafiya alheri ce babba. Amma baffa ba shi da ikon kyautar da kason marayu don a yabe shi, balle a inda shi kansa ba ya cikin magada, kamar idan mamaci ya bar ɗa namiji. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, yafewar dangi ba ta ɗauke ta. Samari nawa ne a garuruwanmu suke yawo da wannan bashi a wuya, ba wanda ya taɓa gaya musu?

Wannan hukunci tsoho ne a mazhabarmu. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta suna lamunin abin da ta taka. A Muwaɗɗa an kawo labarin wani mutum da ya saki dokinsa da gudu ya taka yatsan wani, jini ya yi ta zuba har ya mutu, Sayyidina Umar (RA) bai sallami maganar a matsayin tsautsayi kawai ba, ya hukunta biyan rabin diyya. A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci ko ya wuce iyaka yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo. Hikimar ɗora diyyar kuskure a kan dangin mai laifi na wajen uba a fili take: dangin da suka san za su biya, su ne za su fara karɓe makulli. Da muka mayar da "mun yafe" al'adar da ba a isa a saɓa ba, sai ran talaka ya yi arha, ganganci kuma ya rasa mai taka masa birki.

Adalci ga samari

Ba za mu ɗora laifin duka a kan yaran ba. Son nuna bajinta ɗabi'ar ƙuruciya ce, kuma shari'a ba ta zo don kashe ta ba. Iyayenmu sun yi kokawa da langa da sukuwa a dandali bayan an kai amfanin gona gida, a gaban manya, da masu raba gardama. Yau filayen da yawa sun zama filotai, doki ya fi ƙarfin talaka, abin da ya rage a hannun saurayi shi ne babur. Mu masu wa'azi kuma sau da yawa "haram" kawai muke cewa, mu sauka daga mumbari ba mu nuna ƙofar halal ba.

Sai dai mu tuna wa samari abin da suke wasa da shi. Baburin nan wani an sayar da sa ne aka saya, wani kuma na mai gida ne ana kai masa balas kullum. Shi ne motar asibitin gida idan naƙuda ta tashi da dare. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci. Ƙona wannan don tafin minti biyu yana cikin almubazzarancin da Suratul Isra'i ta yi gargaɗi a kansa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta jure a wuce shi, ya tuna da Adba'u, taguwar Annabi (SAW) da ba a taɓa tsere mata ba, har wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, amma Annabi (SAW) ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa duk abin duniya da ya ɗaukaka sai Allah Ya sauke shi wata rana. Idan an wuce taguwar Manzon Allah bai damu ba, don an wuce baburinka ba abin da ya ragu a jikinka.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, iyaye. Uban da ya miƙa wa yaro ƙarami makulli yana da kaso a abin da ya biyo baya, kuma aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana danƙa dukiya ga wanda bai san kimarta ba. Na biyu, masu biki. Waliyyin amarya yana da ikon cewa ba za a ɗauki 'yarsa cikin ayarin rige-rige ba, limamin da ya ɗaura aure kuma ya faɗi wannan a wurin, kafin a shafa fatiha. Na uku, dagatai da masu unguwanni su zauna da shugabannin 'yan acaɓa da 'yan Hisba su tsayar da ƙa'ida ta gari, su nemi taimakon Hukumar Kiyaye Haɗurra inda abin ya fi ƙarfinsu. Na huɗu, 'yan kallo. Mai tafi da mai guɗa da mai ɗauka a waya don ya watsa su ne man da ke tuƙa wannan wasa, ranar da aka daina kallo za a daina yi. Na biyar, mu malamai. Kada mu ƙara yin shiru a zaman makoki. A bar zafin mutuwa ya lafa, sannan a tara magada a gaya wa kowa haƙƙinsa, a kai maganar marayu gaban alƙali, a koya wa wanda tsautsayin ya faɗa ta hannunsa yadda zai yi kaffara ya tuba.

Na ƙarshe, a buɗe ƙofar halal. Bayan kaka, lokacin da gonaki suke a sarari, babu abin da zai hana hakimi ko ƙaramar hukuma ko masu hali su ware fili nesa da hanya, su shirya tseren ƙafa da na keke da sukuwa, da mafara da iyaka da alƙalai, a tsaya lokacin sallah, kyauta kuma ta fito daga masu shiryawa. Idan wata rana hukuma ta samar da filin tseren babur ko mota mai shinge da likita da kayan kariya, ba caca, ba abin maye, ba tozarta sallah, to wannan mas'ala ce da malamai za su duba da idon sauƙi. Yaron da Allah Ya ba basirar inji kuwa, a kai shi gareji ko makarantar koyon sana'a. Kowace motar da ta ci kofi a waccan gasa, akwai injiniyoyi da kanikawa masu yawa a bayanta, kuma su ma da guminsu aka ci.

Amsar da muka ba ɗalibinmu ke nan: tsere a asalinsa halal ne idan ya cika sharuɗɗansa, rige-rige a hanyar jama'a kuwa haramun ne, domin wasa ne da ran da ba naka ba, har da naka, wanda shi ma amana ne a hannunka. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta wannan sanadi, Ya dubi marayun da suka bari. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.